Matar da aka ce ba ta aiki

Ina 'yar makaranta aka taɓa raba mana wata takarda mu cike, a ciki akwai gurbin sana'ar uba da na sana'ar uwa. Ta mahaifina na rubuta nan take. Da na zo kan ta mahaifiyata na ɗan yi jim, sannan na rubuta: ba ta aiki. Malama ta karɓa ta duba ba ta ga kuskure ba, ni ma ban gani ba. Matar nan kuwa ita ke riga kowa tashi a gidan, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta raine mu, ta yi jinyar kakarmu har Allah ya karɓi abinsa, kuma a iya wayona ban san ranar da ta wuni zaune ba, in ba ciwo ne ya kayar da ita ba. Sai da na haifi ɗana na fari, na yi watanni ban san barcin awa uku a jere ba, sannan takardar nan ta faɗo mini a rai, kuma har yau in na tuna ta sai na ji ba daɗi.

Duk lokacin da na ga an kaure da musu a intanet a kan feminisanci, wannan takarda nake tunawa. Kalmar ta zama abin zagi a bakin wasu, ta zama kambun yabo a bakin wasu, kuma sau tari ana gama cacar bakin ne ba a taɓo abin da ya fi cin rayuwar mata ba. Ni sunan bai dame ni ba, a kira shi fafutukar haƙƙin mata ko duk abin da aka ga dama. Abin da na gani shi ne an yi fiye da shekara ɗari ana buɗe wa mace ƙofofin waje, an buɗe da yawa, amma kayan da ke kanta na cikin gida ba a sauke mata ba, ba a kama mata ba, ba a ma yarda a kira shi aiki ba. A ganina a nan makomar tafiyar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Ba na raina abin da aka samu. A 1893 matan Niyuzilan suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, matan Suwizalan kuwa sai 1971. A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata, a 1995 ƙasashe 189 suka hallara a Beijin suka tsara manufa ɗaya. Yau a ƙasashe da dama 'yan mata sun fi samari yawa a jami'a. Kuma wanda yake zaton abin da aka samu ya zauna ke nan, ya dubi Afganistan, inda tun dawowar Taliban a 2021 aka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disambar 2022 aka haɗa da jami'o'i. Duk wannan gaskiya ne. Amma yarinyar da ta fito da digiri, ta sami aiki, ta yi aure, ita ma rana ɗaya awa 24 ce a wurinta, kuma tun kafin ta farka an riga an yi rabon awannin.

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta auna wannan rabo. Ta gano cewa a kowace rana mutanen duniya suna kashe awa biliyan 16.4 a aikin kula da gida da iyali wanda ba a biyan ko sisi a kansa: girki, wanki, shara, raino, jinyar marar lafiya, kula da tsoho. Kamar a ce mutum biliyan 2 ne suke aikin awa takwas kullum kyauta. Sama da kashi 76 cikin ɗari na wannan aiki mata ne ke yin sa. Mace tana ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Babu wata ƙasa a bayan ƙasa da aka raba shi daidai. Da za a biya shi ko da a mafi ƙarancin albashi ne, da ya kai dala tiriliyan 11, kusan kashi 9 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa. Amma ma'aunin da ƙasashe ke ƙididdige arzikinsu da shi ba ya lissafa shi. In mace ta yi wa 'ya'yan wata raino aka biya ta, an ƙaru, arzikin ƙasa ya motsa. In nata ta raina, a littafin gwamnati ba a yi komai ba. Ashe ni da malamata ba mu kaɗai muka yi kuskuren nan ba, haka masana tattalin arziki suka tsara lissafinsu.

Matan Aislan sun taɓa nuna wa ƙasarsu nauyin abin da idanu ba sa gani. Ranar 24 ga Oktoban 1975 kusan tara cikin goma na matan ƙasar suka ajiye aiki, na ofis da na gida baki ɗaya. Makarantu da gidajen rainon yara suka rufe, masana'antu suka tsaya cak, maza suka kwashi 'ya'ya suka tafi da su wurin aiki. Wuni ɗaya tak. Shekarar da ta biyo baya majalisa ta yi dokar daidaito, a 1980 kuma suka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir shugabar ƙasa, mace ta farko a duniya da jama'a suka zaɓa kai tsaye a wannan kujera. Abin da ke burge ni a labarin shi ne hujjar da suka kafa ba ta bukaci dogon jawabi ba. Sun janye hannu ne kawai, kowa ya ga abin da hannun yake tallafe da shi. Duk da haka a ranar 24 ga Oktoban 2023 sai da suka sake fita, har da firaministarsu, a ƙasar da ake yi wa kallon ta fi kowace daidaito.

Wannan rabon awanni shi ke haifar da yawancin abin da ake kuka a kai a wurin aiki. Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bi diddigin aikin mata a Amurka na tsawon shekara ɗari biyu. Abin da ta fito da shi mai sauƙin fahimta ne ga duk matar da ta taɓa goyo: namiji da mace masu ilimi ɗaya suna fara aiki da albashi kusan ɗaya, sai an haifi ɗan fari hanyarsu ke rabuwa, kuma da wuya ta sake haɗuwa. Ayyukan da suka fi tsoka su ne masu son mutum a kowane lokaci, dare da rana, a kira shi ya amsa, a tura shi ya tafi. Ma'aurata masu ƙaramin yaro ba za su iya zama haka su biyu ba, dole ɗaya ya ja baya ya tsare gida, kuma mun san wanda ke ja. A kan ce ai ita ta zaɓa. To, zaɓin da ake yi da jariri a hannu, babu wurin raino, babu hutun haihuwa, ban san iya 'yancin da ke cikinsa ba. Amurka, duk arzikinta, har yau ba ta da dokar tarayya da ta tilasta biyan mace albashi lokacin jego, dokar 1993 mako 12 ta bayar, su ma babu biya. A faɗin duniya kuwa, mata miliyan 708 ne a 2023 ba sa cikin masu aikin neman kuɗi saboda kula da iyali. Maza masu wannan dalili miliyan 40 ne.

Suwidin ta gwada wata hanya. A 1974 ta mayar da hutun haihuwa na iyaye biyu, uwa ko uba kowa na iya ɗauka. Maza suka ƙi taɓawa, abin da suka ɗauka a farko bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai a 1995 aka ware wa uba wata guda nasa na kansa, in bai ɗauka ba ya faɗi. Yau kwana 480 ne ga kowane yaro, uwa da uba kowa yana da 90 daga ciki da ba ya iya miƙa wa ɗayan, kuma maza suna cin kusan kashi 30 na kwanakin. Darasin a wurina shi ne wa'azi kaɗai bai canza mazan Suwidin ba, tsari ne ya canza su. Inda aka ƙi gyara tsarin kuwa mata suna ba da amsa ta wata hanyar. Koriya ta Kudu ta ilimantar da 'ya'yanta mata matuƙa, ta bar musu dogayen awannin ofis da dukan aikin gida da giɓin albashi mafi faɗi a cikin ƙasashe masu arziki. A 2023 matsakaicin haihuwa a can ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, alhali sai da 2.1 al'umma ke maye gurbin kanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai maganar da ta shafe mu, mu matan da muka yi karatu muka fita aiki, kuma ba na jin daɗin faɗarta. Da yawanmu ba mu warware matsalar nan ba, mun sauke ta ne a kan wata macen da ta fi mu talauci. Ma'aikatan gida a duniya sun kai miliyan 75.6, fiye da kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma takwas cikin goma ba su da wata takardar yarjejeniya ko kariyar doka. Mace ta bar nata 'ya'yan a Filifin ko Habasha wajen kakarsu, ta tsallaka teku ta je rainon na wasu. A ƙasashen yankin Gulf da Labanan, tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure izinin zamanta a hannun uban gidanta, wasu ma har fasfo ake karɓe musu. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 189 da ta ce mai aikin gida ma'aikaciya ce kamar kowa, tana da haƙƙin hutun mako da albashi bayyananne, amma ƙasashen da suka rattaba mata hannu ba su kai rubu'in mambobin ƙungiyar ƙwadagon ba. Duk matar da ke jawabin 'yanci a taro, alhali yarinyar da ke goye mata ɗa ba ta zuwa makaranta, ba ta da ranar hutu, tana kwana a dandaryar ƙasa, to jawabinta bai wuce leɓenta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke cewa, amma a aikace sai a tarar kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa feminisancin da kamfanoni suka rungume, na rubuta kirarin mace a gaban riga da ƙirga mata nawa ne a kujerun manyan daraktoci, bai taɓa gamsar da ni ba. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. Kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a bango, aka ce su koma bakin keke ko su rasa albashi. Ina son a ga mata a kan mulki, kuma kashi 27 cikin ɗari da suke da shi a majalisun duniya ya yi kaɗan. Sai dai kujerar mace ɗaya a sama ba ta rage wa ta ƙasa minti ɗaya na wahala sai in wadda ta hau ta tuna da ita ranar da ake rabon kasafi.

Kasafin ne kuwa wurin da ake yanke hukuncin rayuwar yawancin mata, a ƙarƙashin sunayen da ba wanda ke alaƙanta su da feminisanci. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata suna kashe awa miliyan 200 kullum wajen ɗebo ruwa. Famfo ɗaya a ƙofar gida yana mayar wa yarinya awannin karatunta. Sama da mutum biliyan 2 har yanzu da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki, kuma wadda ke tsugune a gaban murhu ita ke shaƙar hayaƙin tare da ɗan da ke bayanta. A 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a dalilin ciki da haihuwa, kusan ɗaya a kowane minti biyu, da yawansu daga zubar jini da hawan jini, abubuwan da aka san maganinsu tun tuni. Ungozoma mai horo, jini a ajiye, mota mai kai mai naƙuda da daddare. In aka tambaye ni manufar mata ta farko, waɗannan zan fara lissafawa kafin in kai ga duk wata muhawarar da ke tashe a shafukan sada zumunta.

Ko maganar duka da cin zarafi, in ka bi jijiyarta sai ka ga ta ratso ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, mafi yawa daga hannun miji ko saurayi. A 2023 mata da 'yan mata 51,100 ne suka mutu a hannun abokin zama ko ɗan uwa, 140 ke nan kowace rana. Guguwar MeToo, ta matan da ke fitowa su faɗi cin zarafin da aka yi musu, wadda 'yar fafutukar Amurka Tarana Burke ta fara a 2006, guguwar kuma ta karaɗe duniya a 2017, ta yi babban aiki wajen ɗauke kunya daga kan wadda aka zalunta. Amma magana ta fi sauƙi ga wadda ke da wurin zuwa. A kan tambayi matar da ake duka, me ya hana ki tafiya? Ta tafi ina, da me? Shekara goma sha biyar ta yi tana aikin da ba ya barin ko kwabo da sunanta, babu ajiya, babu takardar shaidar ƙwarewa, ga yara uku. Rashin biyan wahalarta shi ne igiyar da ta ɗaure ta.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji: ai zaman mace a gidanta daraja ce, tarbiyyar 'ya'ya ta fi kowane ofis, feminisanci ne ya zo ya raina uwa. Rabin maganar nan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Raino aiki ne mai girma, kuma akwai 'yan fafutukar da suka yi kuskuren ɗaukar matar gida kamar wadda aka bari a baya, suka mayar da albashi ma'aunin mutunci. Matar da ta zaɓi tsare gidanta da zuciya ɗaya babu wanda ke bin ta bayani. Amma mai wannan magana ya ƙarasa ta. In aikin yana da darajar da ake faɗa, me ya sa ranar da aure ya mutu take fita da kayan jikinta? Me ya sa ranar da mijin ya rasu ko tsufa ya zo, sai ta koma jiran abin da 'ya'ya za su miƙo? Kirari ba ya sayen magani. Kuma in aikin yana da girma haka, me ya sa namiji ke ganin ƙasƙanci ne ya taɓa shi? An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Wanda ya fi kowa daraja bai ga faɗuwa a ciki ba.

Wasu ƙasashe sun fara ƙarasa maganar da doka. A Jamus ana rubuta wa mai raino shekara uku na fansho a kan kowane yaron da aka haifa daga 1992, kamar ta yi su ne a bakin aiki. Ajantina a 2021 ta fara lissafa wa uwa shekara guda a kan kowane ɗa, wanda ya ba matan da shekarun gudummawarsu ba su cika ba damar samun fansho. A shekarar ce kuma, ƙarƙashin sabon kundin dokokin Sin, wata kotu a Beijin ta umarci wani mutum ya biya matar da suka rabu yuwan 50,000 ladan aikin gida na shekara biyar. Mutane da yawa a can sun ce kuɗin ya yi kaɗan, kuma sun yi gaskiya, ko 'yar aiki ba za ta karɓi haka ba. Amma alƙali ya buɗe baki ya ce wannan aiki ne, yana da ƙima, ana bin mijin bashin ladansa. Ba na cewa a mayar da soyayyar uwa ciniki, babu kuɗin da zai biya daren da aka raba ana rarrashin yaro mai zazzaɓi. Ina cewa ne kada wadda ta raba daren ta wayi gari a tsufanta hannu rabbana saboda ta raba shi.

Sauran kuma yana hannun mutanen gida, inda doka ba ta shiga. Kalmar da ke ci mini rai ita ce taimako. A ce miji nagari ne, yana taimaka wa matarsa da yara. Mutum ba ya taimakawa a kan ɗansa, nauyinsa ne yake saukewa. Mu ma iyaye mata muna da laifi, mu ne ke tashin 'ya mace ta wanke kwanon da ɗan'uwanta ya ci a ciki yana zaune yana latsa waya, sannan bayan shekara ashirin mu yi mamakin irin mijin da ya zama. Ɗana ya san wanki da shara da riƙe ƙaninsa, kuma ban taɓa yi masa godiyar da ta fi wadda zan yi wa 'yar'uwarsa ba.

Kwanakin baya na raka mahaifiyata asibiti, gwiwoyinta sun gaji, hannuwanta ba sa dunƙulewa sosai. Wani matashi a wurin buɗe kati yana cike mata takarda, ya tambayi suna, ya tambayi shekaru, sannan ya ɗago kai ya ce, “Mama, mece ce sana'arki?” Na buɗe baki zan amsa, ta riga ni. Ta yi murmushi ta ce, “Ai ni ba na aiki, ɗan nan.”